Ga Wadda Ta San Kanta a Dangora

Dangora,
Lahadi, bayan azahar.

Zuwa ga Yaya Mujitaba,

Amincin Allah ya tabbata a gare ka, ya hasken da nake gani ko da na rufe ido, ya sanyin randar da ta kwana a inuwa, ya ƙamshin ƙasa ranar da ruwan farko ya sauka! Ina gaishe ka gaisuwa mai yawan ƙwayar masarar da aka shanya a ƙofar gidanmu, mai tsawon titin da ya wuce ta gaban rumfarka ya nufi Doguwa. Ina fata kana lafiya, da Hajiyarku, da aiki.

Ni ce Furera ta gidan Malam Mainasara, wadda ke kawo wayar Innarta caji a rumfarka ta Kwanar Dangora duk ranar kasuwa, ta miƙa maka ba tare da ta ɗaga kai ba. Da a watan jiya ne, ba zan tsaya faɗin ko ni wace ce ba. Amma yanzu na gane muna da yawa, kuma ina tsoron ba ka bambance mu. Bakina ba ya iya magana a gabanka, ka sani. Shi ya sa na ɗauki biro. Abin da ya cika mini ƙirji ya fi ƙarfin kunyata.

Ka tuna ranar da hadari ya taso daga gabas ya watsa kasuwa tun kafin la'asar? Kowa ya gudu neman mafaka, ni kuma na rasa inda zan shiga sai rumfarka. Kwanon rumfar yana yoyo ta gefe ɗaya. Sai ka ja benci ka kai shi inda ruwa ba ya zuba, kai ka koma ka tsaya inda yake zubar. Ya rabin raina, har yau ina ganin yadda ruwan yake bin kafaɗar rigarka, kana yi kamar ba ka ji ba! Da ruwan ya tsagaita ka ɗauko wayar Inna, ka ce, “Furera, in sa miki sababbin waƙoƙi?” Ban san ka san sunana ba. Na gyaɗa kai kawai, don da na buɗe baki kuka ne zai fito ko dariya, ban san wanne ba. Ka zare memori, ka sa a kwamfutarka, ka mayar. Da ka miƙo mini wayar sai ka ce a hankali, “Ta bakwai ta fi daɗi.”

Kalmomi biyar ke nan. Da su na yi ta rayuwa mako shida.

Waƙa goma sha ɗaya ce, albam ɗin Hamdiyya mai jita, wanda ta sa wa suna “Ƙarshen Kwalta”. A lokacin ban san ana kiransa albam ba, ban san ko wace ce Hamdiyya ba. Ni dai na san kai ka zaɓo su, ka jera su, ka sa mini da hannunka. Na shiga bayan rumbu da rana tsaka na sa wayar a kunne. Na fara jin tsoro ma, don gangunan suna dukan ƙirji, jitar kuma tana kuka kamar an taka wutsiyar mage. Sai muryar ta shigo, wani lokaci a hankali kamar mai lallashin jariri, wani lokaci ta tashi sama kamar shaho. Mace ce ke rerawa, amma wallahi kai nake ji. Na ce a raina, ashe shi ma kunya ce ta hana shi magana, shi ya sa ya aiko wata ta faɗa masa. Da na kai ta bakwai, inda take cewa tana hango fitilar mota daga nesa a hanyar daji, ba ta san ko a ƙofarta za ta tsaya ba, sai na zauna a ƙasa.

Zan faɗa maka wani abu da ban faɗa wa kowa ba, kuma ina roƙonka kada ka yi dariya. A waƙa ta uku an ce a jira a gindin tsamiya idan kasuwa ta fara watsewa. Na ɗauka saƙo ne. Da kasuwa ta zagayo na sa mayafina mai ruwan bula, na je na tsaya a gindin tsamiyar da ke tsallaken rumfarka. Na tsaya har masu tumatir suka kwashe kwandunansu, har masu awaki suka kora abin da ba a saya ba, har tururuwa suka gane ni suka fara hawa ƙafata. Sau biyu ka ɗago kai, sau biyu ka mayar da shi kan wayoyinka. Na koma gida ina ba ka uzuri, na ce mutane ne suka yi yawa. Mako na gaba na sake tsayawa. Ya sanyin idona, wace irin wauta ce so ba ya sa mutum?

A gida kuwa waƙoƙin suka zama na kowa, don wayar ta Inna ce. Ranar farko da Baffa, mahaifina, ya ji, ya leƙo daga zaure ya ce, “Wannan yarinyar waƙa take yi ko faɗa take da kwanukan uwarta?” Inna tana ɓarar gyaɗa ta ji ta biyar, wadda ake yi wa uwar da ta rasu, sai ta ajiye tiren ta share ido da gefen zani, ta ce, “Allah ya jiƙan Iya. Ke, maido mini ita baya.” Goggo Maimuna da ta zo mana daga Burumburum, can ƙasar Doguwa, ta saurara ta karkata kai, ta ce, “Garayar nan mura take yi ne?” Amma da aka gaya mata an ce kakannin mawaƙiyar mutanen Doguwa ne, nan take ta ce ai da ganin yadda take jan murya ka san 'yar wajensu ce, ruwan duwatsu ta sha. Ni ina gefe ina murmushi a ɓoye. Ina cewa a raina, ku yi ta ji, ku yi ta musu, ni kaɗai na san wanda ya aiko su da wadda aka aiko wa.

Sai ranar da na kai niƙa.

Muna layi a wajen inji, wayar Ummulkhairi ta gidan mai unguwa ta yi ƙara. Ka san da me ta yi ƙara? Da ta bakwai! Tawa! Kafin in gama juyowa wata ta ce ita ma tana da ita, wata ta ce ta huɗu ta fi, wata ta ce ƙarya ne, ta tara ce ke sa mutum ya manta da tuwo a wuta. Suka ciro wayoyi suna gwadawa, waƙa goma sha ɗaya, a jere iri ɗaya, babu wadda ta rasa ko guda. Ɗan acaɓa ya wuce, ita ce ke tashi a babur ɗinsa. Mai shayi ya kunna, ita ce. Na dawo gida da gari a ka, ban san ta wace hanya na biyo ba. Na yi ƙarfin hali na tambayi wana, Yaya Labaran, kamar ba komai, yadda ake sa waƙa a waya. Ya ce, “Ai Mujitaba folda ɗaya gare shi ta sababbi. Duk wanda ya kawo memori juye masa yake yi, ko jaki ne ya kawo.” Ya yi dariya ya wuce. Bai san ya taka mini zuciya da takalmin gona ba.

Ashe ba wasiƙa ba ce, Yaya Mujitaba? Ashe ruwan famfo ne, kowa ya kawo bokiti a cika masa? Ashe ni ma ɗaya ce daga wayoyin da ke jere a kan katakonka, an liƙa mini takarda an rubuta lamba, idan na cika a zare ni a sa wata?

Daga ranar na fara lura da abin da so ya rufe mini ido ban gani ba. Hotonta ne a bangon rumfarka, tana rungume da jita, ta yafa ɗankwali ja, tana kallon gefe kamar duniya ba ta dame ta ba. Ka liƙa shi daidai inda idonka yake sauka idan ka ɗago kai. Na ji ka da kunnena kana musu da samari, kana buga katako, kana cewa ba a taɓa yin mace mai murya irin tata ba, ita take rubuta waƙarta, ita take kaɗa abinta, babu mai rubuta mata. Wani ya ce kiɗan nasara ne, ba namu ba ne, ka kusa fasa kwamfutarka don fushi. Kai da ba ka ɗaga murya ko an zage ka! Ban taɓa ganin idonka ya yi haske haka ba, kuma ba don ni ya yi ba.

Na tsane ta. Allah ya yafe mini, na tsani baiwar Allah da ba ta san ina duniya ba. Me take da shi da har ta shigo garinmu ba da ƙafa ba, ta zauna a kunnen kowa, ta zauna a bangonka, ta zauna a bakinka? Ta san da hagu kake rubutu? Ta san kana tauna murfin biro idan wuta ta ɗauke kana jiran a tayar da janareta? Ta san kana zuba wa karen mai faci ruwa a gwangwani idan rana ta yi zafi, kana dubawa ko wani ya gan ka? Ni na sani. Na tara waɗannan abubuwa ɗaya bayan ɗaya kamar mai tsintar ƙanƙara, na ɓoye su inda ba za su narke ba. Ita murya gare ta. Ni ma ina da murya, a Islamiyya ni malama take sa wa in ja karatu sauran su amsa. Amma a gabanka muryar ba ta fitowa. Laifina ne da Allah ya yi ni haka?

Na yi niyyar goge waƙoƙin gaba ɗaya. Har na kai yatsa, Inna ta ce in na taɓa mata ta biyar sai na bar mata gidan. To ka ga, ko a ɗakin uwata ban tsira daga gare ta ba. Tana waƙa ina daka, tana waƙa ina wanki, kuma abin da ya fi ƙona mini rai shi ne bakina yana bin ta ban sani ba. Waƙoƙin suna da daɗi. Na so a ce ba su da shi.

Duk wannan da na haɗiye shi na yi shiru, kamar yadda na saba. Abin da ya faru ranar Juma'a ne ya sa ni rubutu.

Bayan la'asar Baffa yana zaure da rediyonsa, ana shirin gaishe-gaishe, inda mutane ke bugo waya su faɗi ra'ayinsu a kan sababbin waƙoƙi. Ranar a kan albam ɗin Hamdiyya ake yi. Wani daga Bebeji ya ce hayaniya ce kawai. Wata daga Tudun Wada ta ce tun da ta ji ta biyar take kiran mahaifiyarta kullum. Na shigo da ruwa a moɗa zan ba Baffa, sai na ji an ce, “Muna tare da wa?” Sai muryar da zan gane ko a cikin kasuwar shanu ta ce, “Mujitaba ne daga Kwanar Dangora.” Ka yabe ta, ka yabe ta, har mai shirin ya ce ka bar wa wasu. Ka ce tun da ka ji albam ɗin nan ba ka ƙara sauraron kowa ba. Na tsaya ina jin kowace kalma tana shiga kamar allura. Sannan aka tambaye ka wacce za a sa maka, kuma wa kake gaisarwa. Ka ce, “A sa ta bakwai, ga wadda ta san kanta a Dangora.”

Moɗar ta kuɓuce mini, ruwa ya jiƙa tabarma. Baffa ya dube ni ya ce, “Ke, lafiyarki?” Sannan ya juya ga rediyo ya girgiza kai. “Yaron nan mai caji ne ko? Wai wadda ta san kanta! Yaron kirki, amma ji shirme. Wanda ya kasa faɗin sunan mace a gaban mutane, me zai iya yi mata?” Na kwashe tabarmar na fita, zuciyata tana tsalle kamar ɗan maraƙin da aka kwance. Na ce ni ce! Ni ce ya ce wa ta bakwai ta fi daɗi, ranar ruwa, babu kowa sai ni da shi! Na yafe maka folda, na yafe maka hoton, na kusa yafe wa Hamdiyya ma.

Farin cikin bai kai kwana guda ba. Jiya da safe a famfo na tarar da Ummulkhairi ta tara 'yan mata, ta ɗaura ɗankwali ja irin na hoton. Tana cewa, “Ku bar wahalar da kanku, ni ce. Ranar da ya sa mini ya ce, Ummu, ta bakwai ta fi daɗi.” Sai wata ta tafa hannu ta ce, “La! Ni ma haka ya ce mini!” Wata ta ce, “Har kakata da ta kai caji haka ya ce mata, ko ita ce ta san kanta?” Aka kwashe da dariya har da riƙe ciki. Bokitina ya cika yana zuba ban gani ba. Ummulkhairi ta juyo ta ce, “Furera sarkin shiru, ke fa? Kin san kanki, ko sai an nuna miki?” Aka sake fashewa. Na ɗauki ruwana na tafi, rabinsa a jikina ya ƙare.

To ka ji inda ka ajiye ni, ya inuwar da nake hange daga tsakiyar rana. Ko kalmomi biyar ɗin da na ɗauka nawa ne, ashe su ma daga folda suke. Saura benci kawai. Shi kaɗai ya rage mini, kuma ina tsoron in ji wata ta ce ita ma ka taɓa ja mata benci. In haka ne kada ka gaya mini. Ka bar mini shi.

Amma ɗayan dole ka gaya mini. Wace ce? Ni ce, ko Ummulkhairi ce, ko wata ce can da ban sani ba? Ko kuwa babu kowa, ita mai jitar ce kake yi wa, ka fake da sunan garinmu? Ka jefa magana ɗaya a tsakiyar 'yan mata kamar an watsa wa kaji tsaba, kowa na wawa, ni da ba na iya wawa ina gefe ina kallo. Ba ka ji tausayina ba? Ba ka san mai kunya ma tana kishi ba? Nata ma ya fi ciwo, don ba shi da ƙofar fita. Yana ci a ciki kamar wutar ƙaiƙayi, sama toka, ƙasa ja.

Ba na neman ka cire hotonta. Ba na neman ka daina jin waƙarta, na san ba za ka iya ba, ni kaina na kasa. Ka so muryarta yadda kake so. Abu ɗaya nake roƙo, kuma na kwana biyu ina auna shi kafin in rubuta.

Juma'a mai zuwa ka sake bugawa. Idan aka tambaye ka wa kake gaisarwa, ka faɗi suna. In ni ce, ka ce Furera Mainasara, da sunan mahaifina, yadda babu mai cewa wata Furerar ce. Na san abin da zai biyo baya. Baffa zai ji, don ba ya rasa shirin. Zai kira ni, zai kira Inna, Yaya Labaran zai zo rumfarka da fuska a ɗaure, kai kuma dole ka sa hularka ka zo zaurenmu ka durƙusa ka yi gaisuwa. 'Yan famfo za su yi wata guda suna waƙa da sunana. Ni da ko sallama ba na iya ɗagawa! Amma na gwammace kunyar da za ta kashe ni a gaban gari da wannan da ke cina ni kaɗai.

In kuma ba ni ba ce, ita ma ka faɗi sunanta. Ba zan zage ta ba, ba zan yi maka baki ba. Zan riƙa ba Yaya Labaran wayar Inna ya kawo, in canza hanyar kasuwa, ba za ka ƙara ganina a gindin tsamiya ba. Zuciyar dai ba zan iya canza mata hanya ba, wannan ba a hannuna yake ba. Za ta zauna inda ta zauna, damina ta zo ta wuce, a shuka a girbe, tana nan.

Abin da ba zan iya ɗauka ba shi ne ka sake cewa wadda ta san kanta. Ni na san kaina tuntuni, Yaya Mujitaba. Kai nake jira.

Ranar Juma'a bayan la'asar zan shiga zaure in tsaya kusa da Baffa, ba zan nemi dalilin fita ba. Duk abin da ka faɗa, a gabansa zan ji shi.

Taka, yau da gobe da ranar da gashina zai yi fari, ko ka kira sunana ko ba ka kira ba,

Furera.